Kurakuran masu koyon lissafin lambobi masu ɗigo a harshen asambili

Ɗaliban kwamfuta na Yamai, ko na Jami'ar Abdou Moumouni ko masu koyo da kansu, yawanci wuri ɗaya suke tuntuɓe idan suka shiga lissafin lambobi masu ɗigo (irin su 0.5) a harshen asambili, wato harshen da ke ba kwamfuta umarni kai tsaye: suna zaton rajista, wato ƙaramin ma'ajin lamba da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta san irin lambar da aka zuba mata. Wanda ya tura 5 daga rajistar cikakkun lambobi eax zuwa rajistar lambobi masu ɗigo xmm0 da umarnin movd bai mayar da ita 5.0 ba, domin bit-bit ɗin kawai ya kwashe, kuma bisa ƙa'idar adana lambobi masu ɗigo, IEEE 754 ta 1985, abin da ya samu ƴar mitsitsiyar lamba ce dab da sifili. Umarnin cvtsi2ss ko cvtsi2sd ne ke juyawa ta gaskiya.

Gwada lambobi biyu shi ne inda aka fi shan wahala. Lambar 0.1 ba ta da ƙarshe a ƙirgen sifili da ɗaya, shi ya sa tara 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004, saboda haka sai a duba ko tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce wani ɗan ƙaramin ma'auni ba. Bayan ucomisd kuma, wato umarnin gwada lambobi biyu masu ɗigo, da umarnin ja ko jb ake tsalle zuwa wani sashen shirin, ba da jg ko jl ba. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne NaN, wato sakamakon da ba lamba ba ne, wadda sifili raba sifili ke haifarwa: tana kunna alamomin sakamakon gwaji ZF da PF da CF gaba ɗaya, sai umarnin je ya yi tsalle tamkar lambobin sun yi daidai. A sa umarnin jp, mai kama NaN, tukuna.

Kuɗi kam, a ganina, ba su da abin yi da lambobi masu ɗigo. Lamba mai ɗigo mai bit 32 idan ta kai 16777216, ko an ƙara mata 1 ba ta motsi, alhali wannan adadin sefa ba ya fi ƙarfin wani babban ɗan kasuwar Katako ba. Tunda ba a ciniki da gutsuren sefa, cikakkun lambobi sun wadatar.

Masu bin tsohuwar hanyar lissafin lambobi masu ɗigo ta x87 su tuna gurbi takwas ne kawai gare ta, don haka fld (mai ɗora lamba a gurbi) da ba fstp (mai sauke ta) a bayanta, cikin zagaye, tana cika su har sakamako ya koma NaN. A Linux mai bit 64 kuwa, kafin kiran printf, mai buga sakamako a allo, a mayar da lambar ta zama mai bit 64 da cvtss2sd, sannan a rubuta yawan rajistocin xmm da aka cika a cikin rajistar al.