Yadda Zaka Cire Kilif Ka Mayar Dashi a Jita Mai Feda Ba Tare da Ya Yi Tsalle Ya Ɓace Ba

Jita mai feda, wadda Turawa ke kira fedal sitil, ba abu bane da zaka gani ko ina a Kano, sai dai jefi jefi wajen masu kiɗan zamani, kuma a Najeriya yawanci a kiɗan juju na Yarbawa aka san sautinta, musamman a hannun Demola Adepoju wanda ya kaɗa ta a ƙungiyar King Sunny Ade. A kwance take akan ƙafa huɗu, yawanci tsirkiya 10 ce a wuya ɗaya, da feda 3 a ƙasa da wasu ƙarafa da ake turawa da gwiwa. In ka kifa ta zaka ga ashe inji ce sosai, sandunan ƙarfe ne sirara suka taso daga wajen feda har zuwa ƙarshen da ake jan tsirkiya, kuma a jitoci da yawa abin da ke riƙe da kan sandunan nan ɗan kilif ne mai siffar harafin E wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Duk bakaniken babur ya san irinsa, shine na jikin allurar kafireta. To wannan ɗan abin in ya faɗi feda ta daina aiki kenan, kuma samun daidai shi a garin nan aiki ne, shi yasa nake so masu gyaran kayan kiɗa su koyi taɓa shi da kyau.

Fara da haɗa kaya. Kana buƙatar ƙaramar sukundireba mai faɗin baki irin ta masu gyaran agogo ko waya, da filaya mai dogon baki, da hantsaki, da mayen ƙarfe (na tsohuwar sifika ma ya isa), da ɗan giris, da farar leda wadda ake ganin ciki, da farin ƙyalle, da tocila. Akwai ƙarfen da aka ƙera musamman domin wannan aikin, bakinsa a tsage yake yana cafke kilif ɗin ta baya ka tura kawai, kuma kowane girman kilif da nashi. In baka dashi kar ka damu, ka samu guntun tsohon zarton ƙarfe ka goge haƙoran, ka sa magagari ka yi masa ɗan lungu a baki daidai da bayan kilif ɗin, ka naɗe ɗaya gefen da salatif ya zama mariƙi. Wannan yana turawa da kyau sosai a wurin da filaya bata shiga. Wani abin da nake yabawa shine almakashin nan na asibiti mai kulle kansa wanda ake matse jijiya dashi, ana samu wajen masu sayar da kayan asibiti, in ya kama kilif baya saki sai ka buɗe shi da kanka.

Kafin ka taɓa komai ka kifa jitar a cikin akwatinta, ka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashi da gefe, ka kashe fanka. Dan Allah kar ka yi aikin nan a tsakar gida ko bakin shago akan ƙasa, kilif in ya faɗa cikin yashi sai dai haƙuri. Sannan ka ɗauki hoto da wayarka, ba ɗaya ba, ta kowane gefe, domin ƙarfen da sandar ke shiga yana da ramuka a jere kuma kowane rami yana canza nisan da feda zata ja tsirkiya da kuma taurinta a ƙafa, in ka mayar a ramin da ba nashi ba mai jita zai taka yaji sautin bai kai ba ko ya wuce. Ka liƙa ɗan salatif na takarda a jikin sandar ka rubuta lambar tsirkiya da lambar rami. Sai ka sassauta notin roba na ƙarshen sandar domin nauyi ya sauka daga kan kilif ɗin, kilif ɗin da ake ja da ƙarfi baya fita cikin daɗi.

Yanzu cirewa, kuma anan ne yawanci ake ɓarna. Ka juya kilif ɗin da bakin sukundireba har bayansa ya fuskance ka, buɗaɗɗen bakin ya koma can. In ka haska tocila zaka ga ƙananan tagogi biyu tsakanin bayansa da jikin ƙarfen, a dama da hagu na haƙorin tsakiya. Cikin ɗaya daga cikinsu zaka sa bakin sukundireba, ka ɗora babban yatsan ɗaya hannun akan kilif ɗin, sai ka murɗa sukundireba a hankali kamar kana buɗe kwaɗo, ba ɓantara zaka yi ba. Zaka ji ya zame ya tsaya a ƙarƙashin yatsanka. Ka ajiye mayen ƙarfe a kusa, in wurin ya matse yatsa baya shiga to ka rufe da farar leda ka yi aikin ta cikinta, ko ya yi tsalle a ledar zai tsaya. Kar ka kama haƙoransa biyu ka buɗe, ƙarfen sifirin ne, in ya buɗe fiye da ƙima baya komawa yadda yake. Kuma ka sa tabarau, wallahi abin yana tashi da ƙarfi kuma fuskarka tana kusa. Ka lura da sukundireba ma, sassan ƙarƙashin jitar da yawa alminiyom ne mai taushi, zamewa ɗaya zata bar tabo.

Da ya fita ka manna shi a mayen ƙarfe, ka tsinci washa in akwai, ka jera su yadda suka fito. Ka goge tsagin da yake zama da tsinken sakace da ɗan kalanzir, ƙurar hunturu in ta haɗu da tsohon mai tana cika tsagin nan ta hana kilif zama har ƙasa.

Wajen mayarwa ka fara shafa kilif ɗin da yatsa, gefe ɗaya yana da kaifi ɗayan kuma a ɗan dulmuƙe yake saboda yadda inji ke buga su. Gefen mai kaifi shi zai kalli waje, mara kaifin ya jingina da abin da ake riƙewa, haka yafi cizon tsagin. Ka ɗiga giris kaɗan a bakin sukundireba ka ɗauke shi dashi ka ajiye a bakin tsagi, ka tabbata haƙoran sun hau tsagin ba jikin sandar ba. Sai ka kawo filaya, leɓe ɗaya a bayan kilif ɗaya a bayan sandar ta can gefen, ka matse a miƙe har kaji ƙas. In filaya bata shiga sai guntun zarton nan, ka tokare sandar da yatsa ka tura. In ya ƙi shiga kar ka ƙara ƙarfi, ko a karkace yake ko ba girmansa bane, ka janye ka sake saitawa. Bayan ya shiga ka juya shi da bakin sukundireba, ya kamata ya zagaya a cikin tsagin amma baya rawa, wanda yake lilo ya buɗe ne, canza shi za'a yi, matse shi da filaya ba gyara bane don zai sake faɗuwa ana tsakiyar wasa.

Maganar sayen sabon kilif kuwa, yawancin jitocin nan a Amurka ake ƙera su don haka awonsu na inci ne, mu kuma kayan kasuwarmu yawanci na milimita ne. Inci 1 milimita 25.4 ne, sandar 1/8 ta kai wajen milimita 3.2, ta 3/16 kuma wajen 4.8, kaga kusa suke da namu amma ba daidai ba. Saboda haka in zaka nema wajen masu kayan gyara a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ko wajen masu gyaran keken ɗinki da firinta, ka tafi da sandar kanta a gwada a gabanka, tsagin ake aunawa ba kaurin sanda ba. In ka dace ka sayi da yawa ka zuba a kwalbar magani ka ajiye cikin akwatin jitar.

Ba duk jita ce ke da mai siffar E ba. Wata zaka tarar da mai lanƙwasa irin fil ɗin gashi, wannan ta zoben zaka kama ka zare kawai. Wata kuma zobe ne mai ƙananan ramuka biyu a baki, shi filayarsa daban ce mai tsini biyu, akwai ta buɗewa ga wanda ke kan sanda akwai ta matsewa ga wanda ke cikin rami, kar ka gwada shi da ƙusa. Wata ma babu kilif sam, ƙaramin sukuru ne da alanki na inci.

In ka gama ka mayar da notin roba, ka tayar da jitar, ka saita tsirkiya ba tare da taka komai ba, sannan ka taka feda ka saita sautin da notin, ka bar ɗan sarari kaɗan a sandar yadda in an saki feda tsirkiya zata koma daidai inda take. Ka taka kamar sau 20 da ƙarfi irin na mai wasa, sai ka leƙa da tocila ka ga kilif ɗin yana nan a tsaginsa kafin ka kira mai ita ya zo ya ɗauka.