Yadda Ake Zaɓen Kwale-kwalen da Zai Yi Kogi, Ya Kuma Yi Tafki

Abin da kogi ke nema a jikin jirgi daban, na tafki daban. Kogi yana da gudu, yana da kwana, ga tudun yashi da ke sauya wuri kowace shekara, saboda haka yana son jirgi mai saurin juyawa wanda ba ya nutsewa can ƙasa. Tafki kuwa, irin su Kainji, Tiga, Bakolori ko Goronyo, ruwansa a kwance yake amma filin iska ne. Yana son jirgi mai miƙe hanya, mai gefen da igiyar ruwa ba ta tsallakewa. Mutumin Yawuri ko na Shiroro, wanda yau yana cikin kogi gobe yana tsakiyar dam, kuma kuɗin jirgi ɗaya gare shi, sai ya nemi matsakaici. Abin da za a auna shi da shi kuwa shi ne ruwa mafi muni da za ka ratsa da kaya a ciki, ba lafiyayyen ruwan kwata da safe ba.

Tsawo, faɗi da lanƙwasar ƙasa

Dogon jirgi ya fi gajere gudu, ya kuma fi riƙe hanya. Gajere yana karkata dama da hagu duk bugun filafili, rabin ƙarfinka na tafiya wajen gyara masa kai. Amma dogo yana wahalar juyawa a ƙaramin rafi, ko a hanyoyin da kachala ta matse a fadamar Haɗejia da Nguru. Ga mutum biyu da kayansu, ƙafa 18 zuwa 22 ne ma'aunin da ke yin aikin biyu. Ƙasa da ƙafa 16, igiyar tafki za ta riƙa jefa shi sama da ƙasa. Sama da ƙafa 26, ka shiga sahun 'yan fito, mutum ɗaya ba zai iya da shi a iska ba.

A jirgi mai ƙafa 20, shimfiɗar ƙasa ta kai inci 26 zuwa 28 a tsakiya, baki kuma ya buɗe zuwa inci 40, tsayin gefe inci 18. Wannan buɗewar ta gefe ita ce mutane suka fi rainawa, ita ce kuma ta fi amfani. Jirgi mai gefe a tsaye yana da daɗin shiga, ba ya motsi a kwata, har sabon shiga ya ce ya samu na kirki. To amma in igiya ta buge shi ta gefe, yakan tsaya ƙyam har zuwa wani mizani, daga nan sai ya tafi gaba ɗaya babu gargaɗi. Mai buɗaɗɗen gefe kuwa, gwargwadon karkatarsa gwargwadon faɗin da yake ɗorawa a kan ruwa, sai ya riƙa turo kansa yana dawowa. Yana kuma watsar da feshin ruwa waje maimakon ya zubo maka a cinya.

Sai lanƙwasar ƙasa daga goshi zuwa baya. A ajiye jirgin a daidaitaccen wuri, a durƙusa a duba. In ƙasansa ya kwanta tun daga goshi har baya, jirgin tafki ne zalla: zai miƙe hanya, amma a kogi gudun ruwa zai kama goshinsa ya juya shi kafin ka ankara. In kuma ya gantsare sosai, tsakiya kaɗai ke taɓa ƙasa, zai juya a wuri guda amma iskar hunturu za ta yi ta wasa da shi a fili. Abin nema shi ne ƙasan ya fara ɗagawa a hankali, ta yadda ƙafa 2 kafin kowane ƙarshe zai bar ƙasa da inci 2 zuwa 3. Goshi ya ɗan fi baya tashi. Kada a yi masa doguwar tsini sama don ado, duk abin da ya tashi sama iska ce za ta kama.

Wasu kafintoci suna buga dogon katako a ƙarƙashi daga goshi zuwa baya don jirgi ya riƙe hanya. In ya yi kauri, yana kama yashi da dutse, yana kuma hana jirgi zamewa gefe a lokacin da ake so ya kauce wa kututture. Sirara biyu ko uku, masu kaurin inci ɗaya, sun wadatar. Suna kare ƙasan daga gogar yashi, in sun cinye a cire a sa wasu.

Nawa zai ɗauka

Kada ka karɓi "ai yana ɗaukar buhu biyar" daga bakin mai sayarwa. Lissafin ba wuya. Auna tsawon ɓangaren da ke cikin ruwa, da faɗinsa a daidai layin ruwa, da zurfin da kake so ya nutse, duk da mita. Ninka ukun, sannan ka ninka da 0.6 saboda goshi da baya sirara ne. Jirgi mai ƙafa 20 yakan ba da mita 5.5 a ruwa, faɗi 0.85, nutso 0.2. Amsar 0.56 ce, a ninka ta da 1,000 a samu nauyi, wato kusan kilo 560. Cire nauyin jirgin kansa, wanda in na falanki ne ya jiƙa zai kai kilo 180. Saura 380: mutum biyu, buhu biyu masu kilo 100, da 'yan kayan aiki. Shi ke nan. Jiƙaƙƙen taru kaɗai yana iya cinye gurbin buhu guda.

Da wannan lodin, gefen da ya rage a sama inci 10 ne, taƙi ɗaya da ɗoriya. A kogi mai kwanciyar hankali ana iya saukowa inci 6 a tsira. A Kainji, inda faɗin ruwa ya haura kilomita 20 a wani wurin, iska tana da filin tara igiya, kuma guguwar farkon damina ba ta sallama. Igiya ɗaya ta shigo, jirgi ya ƙara nutsewa, ta biyu ta fi ta farko sauƙin shiga. Ruwan inci 2 a shimfiɗar jirgi irin wannan ya haura kilo 100, kuma ba ya zama wuri ɗaya: duk inda jirgi ya karkata can yake kwarara ya ƙara danne shi. Sau da yawa kifewa haka take farawa.

Sassaƙaƙƙe, falanki ko faiba

Sassaƙaƙƙen jirgi na gungume ɗaya ya daɗe a ƙasar nan. Wanda aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 ya haura shekara 8,000, tsawonsa kusan mita 8 ne, faɗinsa rabin mita. Har yau siffar ba ta sauya sosai ba, kuma nan ne matsalar take: faɗin itace shi ne iyakar faɗin jirgi, manyan itatuwa kuma sun yi ƙaranci. Na maɗaci ko kawo yana da ƙarko, yana jure dutse, ba shi da haɗin da zai yi yoyo. Na rimi ko maje ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, amma yana shan ruwa, yana saurin ruɓa. Ga masunci shi kaɗai a rafi ko fadama, sassaƙaƙƙe ba shi da na biyu. Ga tsallaka buɗaɗɗen tafki da iyali, siririn ciki da gajeren gefe ba sa ba da rangwame.

Na falanki shi ne ya fi dacewa da aikin biyu, don kai ne za ka faɗa wa kafinta ma'auni, kuma duk garin da ke bakin ruwa akwai mai gyara shi. Amma ingancinsa yana hannun wanda ya buga shi, don haka a nan ne ake zama a duba da kyau.

Katakon ya zama mai ƙwari, irin maɗaci ko loko, kaurin inci ɗaya. Farar tsokar da ke kusa da ɓawo ita ke fara ruɓewa, kada a yarda da ita a ƙasan jirgi ko kaɗan. Ɗanyen katako yana ƙanƙancewa in ya sha rana, haɗin ya buɗe, don haka a tambaya tun yaushe aka yanka shi, a nemi wanda ya yi watanni a inuwa. Falankin kasuwa yawanci ƙafa 12 ne, ke nan jirgi mai ƙafa 20 dole a yi masa ƙari. Duba inda ƙarin ya faɗo. In na ƙasa da na gefe biyu sun haɗu a layi ɗaya, jirgin yana da wurin karyewa tun ranar da aka gama shi, musamman in ya hau tudun yashi da kaya, tsakiya a sama, goshi da baya a rataye. Kowane ƙari ya yi nesa da ɗan'uwansa da aƙalla ƙafa 3, kuma a tallafe shi da wani katako ta ciki. Haƙarƙarin jirgi, wato katakan da ke riƙe ƙasa da gefe ta ciki, kada tazararsu ta wuce ƙafa 2. Bencina ma ba wurin zama ba ne kawai, su ke hana gefe buɗewa ko matsewa, don haka a kafe su da ƙusa, kada a ɗora su haka nan.

Ƙusa kuwa, a sayi wadda ba ta tsatsa ko da ta ninka kuɗi. Ta gini tana tsatsa a cikin katako, ta cinye ramin da take ciki. Alamarta baƙin zane da ke gangarowa daga kan ƙusar. A haɗin falanki ana cusa auduga ko tsumma, a bi da kwalta, wasu su rufe da siririn kwano. Kwano a kan haɗi ba laifi. Kwano a tsakiyar falanki faci ne, akwai tsaga ko ruɓa a ƙarƙashinsa.

Tsohon jirgi da aka shafe da sabuwar kwalta har yana ƙyalli, a yi masa kallon tsanaki. Ka tafi da wuƙa ko ƙusa mai inci 4, ka nemi izinin mai shi: "Baba, ka yarda in ɗan taɓa shi?" Ka soka a kusurwar da ƙasa ta haɗu da gefe, da ƙarƙashin benci, da gindin goshi inda ruwa ke kwanciya. Lafiyayyen katako yana ƙin ƙarfe, ruɓaɓɓe yana karɓa ba musu. Ƙwanƙwasa shi ma yana faɗin gaskiya, mai kyau yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe sai dum. Wanda ya hana ka dubawa ya riga ya ba ka amsa.

Na faiba, wato fibreglass, ba shi da nauyi, ba ya ruɓa, gara ba ta cin sa. Sai dai yana da tsada, dutse yana fasa shi, kayan gyaransa kuma ba a kowace kasuwa ake samu ba. Rashin nauyin ma yana da nasa aibu, don iska ta fi tura shi. Abu mafi muhimmanci: na katako in ya cika da ruwa yakan tsaya yana yawo a riƙe shi, na faiba kuwa yana tafiya ƙasa sai in an cusa masa soso ko an rufe masa ɗakin iska a goshi da baya. A tambaya, a kuma gani da ido.

Gwaji kafin biya

Ciniki a tudu ba ciniki ba ne. A sa jirgi a ruwa, a kwarfe shi tas, a loda masa irin kayan da zai riƙa ɗauka, ko buhunan yashi a madadinsu, a bar shi awa guda. Sabon jirgi yana ɗan tsatsafa har katako ya kumbura, wannan ba komai. Ruwan da ake gani yana ɓulɓulowa ta wuri ɗaya shi ne abin gudu. Ka tsaya daga nesa ka dube shi ta gaba: in ya jirkice gefe guda alhali kaya na tsakiya, a karkace aka buga shi, kuma har ya tsufa zai riƙa jan hannu ɗaya.

Sannan ka fita da shi da la'asar, lokacin da iska ta tashi. Yi bugu goma da filafili ka ɗaga hannu, ka ga ko ya ci gaba a miƙe ko ya fara zagaye. Ka tsallaka kogi da goshi yana ɗan kallon inda ruwa ke fitowa, ka ji ko yana amsa juyi da bugu biyu ko uku. Ka miƙe tsaye da gwangwala a wuri mara zurfi. In ba ka iya tsayuwa a cikinsa da natsuwa, ba za ka iya jefa birgi daga cikinsa ba. Kafin ka yanke masa hukunci ka gwada matsar da kaya: in kana fuskantar iska nauyi ya ɗan rinjaya gaba, in kana hawan kogi da gwangwala goshi ya zama sakayau. Sau da yawa jirgin da ake zagi ba shi da laifi, lodin ne ba daidai ba.

In akwai niyyar sa inji ko da nan gaba ne, a faɗa wa kafinta tun farko ya yanke bayan a tsaye da katako mai kaurin inci 2, tsayinsa inci 15 ga inji mai gajeriyar ƙafa, inci 20 ga mai doguwa. Jirgi irin wannan ba ya wuce kilomita 10 a awa cikin sauƙi, mai ƙarfin doki 5 zuwa 8 ya ishe shi. Mai doki 15 yana kusan kilo 40, yana danne baya, yana ɗaga goshi har matuƙi ya daina ganin kututturen da ke gabansa, alhali dam irin Kainji cike yake da itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968, waɗanda ke matsowa sama duk lokacin da ruwa ya ja baya. Sarkin Ruwa da tsofaffin Sarkawa sun san inda suke, a tambaye su.

A cikin kuɗin jirgi a ware na rigar kariya ga kowane mai shiga, wadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta kamar yadda ta hana tafiyar dare. A ƙara filafili na biyu, igiya mai mita 10 a goshi, da yankakken galan na kwarfar ruwa a ɗaure da zare don kada ya tafi lokacin da ake nemansa. Jarkoki huɗu masu lita 25, babu komai ciki, a rufe gam a ɗaure su ƙarƙashin benci, biyu gaba biyu baya, suna ɗaga kusan kilo 100 in jirgi ya cika. A ɗaure su da jikin haƙarƙari, kuma can ƙasa, don jarkar da ke lilo a doguwar igiya ita kaɗai za ta taso ta bar jirgin.