Ciwon bayan da ya ƙi tafiya: yadda zaka koma sunkuyawa ba tare da fargaba ba

Akwai lokacin da in makulli ya faɗi ƙasa sai dai in tsaya ina kallonsa, ko in kira wani ya miƙo min, ko in jawo shi da ƙafa zuwa gindin kujera in dafa in durƙusa a hankali numfashi a riƙe. Kusan shekara nayi a haka. Ciwon kam gaskiya ne yana nan, amma abinda ya fi ciwon cinye min rayuwa shine tsoron kada in motsa wani abu ya ƙara gocewa a bayana. In kaima haka kake fama, ko wani naka, toh ga yadda ake bi a fita daga wannan tarkon.

Amma tukuna, a fara cire abin tsoron gaske. In ciwon bayanka ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko wajen mazaunai da tsakanin cinyoyi ya mutu baka jin taɓawa, ko ƙafarka kullum ƙara rauni take, dan Allah aje wayar ka tafi asibiti yau ɗinnan. Haka in akwai zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko ka taɓa yin ciwon daji, ko ciwon ya biyo bayan hatsari ko muguwar faɗuwa, likita ya fara dubaka. Maganata da wanda an riga an duba shi ne, ciwon ya haura wata 3, an ce ba a ga wani abu mai hatsari ba amma shi har yanzu yana kaffa-kaffa da bayansa.

Kuma su ne mafi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna wata cuta ko wani rauni takamaimai a ce ga dalilin. Zaka ce toh ni ai hoton MRI ɗina, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, ya nuna faifan tsakanin ƙashin baya ya turo. Nima wannan takardar ce ta firgita ni. Abinda ba a cika faɗa mana ba shine, a 2015 an haɗa bincike da yawa na hotunan mutanen da bayansu ƙalau yake basa jin komai, sai aka ga kashi 30 na masu shekara 20 faifansu ya turo, masu shekara 80 kuwa kashi 84. Kaga kenan da yawan abinda hoton ke nunawa kamar furfura ne, shekaru ne kawai, ba lallai shine ke maka ciwon ba.

Ciwo ƙararrawa ce ta jiki, ƙwaƙwalwa ce ke kaɗa ta in ta ga kamar akwai hatsari. A 1995 wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta kawo labarin wani magini ɗan shekara 29 da ya dira kan ƙusa ta huda takalminsa ta fito ta sama, aka kawo shi asibiti cikin azaba har sai da aka bashi magani mai ƙarfi kafin a taɓa, da aka cire takalmin sai ga ƙusar ta bi ta tsakanin yatsunsa ko ƙwarzane babu. Mutumin nan ba ƙarya yake ba, azabar da yaji ta gaske ce. Shi yasa nake jin zafi in naji ana cewa mai ciwon baya wai raki ne ko son jiki, ba haka bane sam, ƙararrawar ce ta zama mai saurin tashi, iska ma ta kaɗa sai ta ɗauka.

Wasu masana biyu, Johan Vlaeyen da Steven Linton, sun fayyace yadda abin ke zagayawa a shekarar 2000. Ka ji ciwo, sai zuciya tace maka shikenan bayan nan ya lalace, sai tsoro ya shiga, sai ka daina sunkuyo ka daina ɗaukar kaya ka rage tafiya, tsoka ta yi sanyi jiki ya sandare, barci ya lalace, rai ya ɓaci, hankalinka duk ya koma kan bayan kana sauraron ko ina zai motsa, ranar da dole ta sa ka sunkuya kuwa sai yayi ciwo fiye da da, sai kace ai dama na faɗa. Da yake baka taɓa gwadawa ba, ƙwaƙwalwar bata taɓa samun damar gane cewa tayi kuskure ba. Aikin da zamu yi kenan, mu baiwa ƙwaƙwalwar wannan damar.

Samu takarda da biro. Rubuta duk motsin da ka daina yi ko kake yi da ɗar-ɗar, kamar goma haka, kuma ka rubuta su ɓaro-ɓaro, kar kace "motsa jiki", kace ɗaura igiyar takalmi, ɗauko yaro daga ƙasa, juyawa in ɗauko abu a kujerar bayan mota, zama na awa ɗaya, hawa bene da kaya a hannu. Kowanne ka bashi maki daga 0 zuwa 10, amma makin TSORO nake nufi, ba na ciwo ba, nan mutane ke ruɗewa. Sai ka jera su daga ƙarami zuwa babba kamar tsani.

Fara da wanda yake wajen 3 ko 4. Kafin ka yi, rubuta abinda kake zaton zai faru, a fili: "In na sunkuya na taɓa gwiwata sau biyar, bayana zai riƙe in kasa miƙewa, ciwon zai kai 9, zan kwana biyu a kwance." Sannan ka yi. Sannan ka rubuta abinda ya faru da gaske, a take, da bayan awa ɗaya, da washegari. Wannan rubutun shine zuciyar maganin gaba ɗaya, kar ka tsallake shi kace ai zan tuna, bazaka tuna ba, tsoro yana da wata dabara ta goge ranakun da komai ya tafi lafiya ya bar maka ranar da ka sha wuya kaɗai. Ni a karon farko na rubuta 9, abinda naji bai wuce 4 ba, kuma kafin minti ashirin ya lafa. Na daɗe ina kallon takardar nan.

Ka maimaita motsin nan kullum, a wurare daban daban, safe da yamma, har sai makin tsoronsa ya sauko sosai, sannan ka hau mataki na gaba. Kar ka yi gaggawa, kar kuma ka zauna mataki ɗaya wata guda.

Ga wani abu da ya daɗe yana min ƙafar ungulu ban sani ba. Ina sunkuyawa, eh, amma numfashi a riƙe, ciki a ɗaure tamau, hannu ɗaya dafe da ƙugu, baya a miƙe kamar katako. In ka yi haka kuma komai ya tafi daidai, ƙwaƙwalwa cewa zata yi ai dafawar ce ta cece mu, tsoron yana nan daram. Dan haka a hankali ka dinga cire waɗannan kariyar ɗaya bayan ɗaya, saki ciki, fitar da numfashi a hankali lokacin da kake sauka, bar bayan ya lanƙwasa, ai dama an halicce shi ne da gaɓoɓi dan ya lanƙwasa. Belet ɗin ɗaure ƙugu ma yana cikin wannan sahun. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, bata goyi bayan belet ba, haka jan ƙashin baya da na'ura, haka magungunan kashe zafi dangin ofiyom, abinda ta ƙarfafa shine ilimantar da mai ciwon, motsa jiki, da maganin gyara tunani da ɗabi'a wanda ake kira CBT.

Wajen tafiya da aikin gida kuma, daina bin yadda ka tashi. Mu masu ciwon baya halinmu ɗaya, ranar da muka ji sauƙi sai mu rama aikin sati guda, washegari mu kwanta. Gwada tafiya kwana uku kaga minti nawa kake iyawa, ɗauki matsakaicin, rage kaɗan, wannan shine adadinka na kullum ko da sauƙi ko ba sauƙi, duk sati ka ƙara minti ɗaya ko biyu. Agogo ne zai tsaida kai, ba ciwon ba.

Ciwon zai tashi wata rana, wannan ba makawa, kuma ba yana nufin ka ɓata wani abu ba. Tun kana lafiya rubuta abinda zaka yi ranar: rage aikin zuwa rabi amma kar ka tsaya cak, ɗan tattaki, ɗumama wajen, numfashi a hankali, kar ka wuni a gado. In tunanin "na koma gidan jiya" ya zo, ɗauko takardarka ka duba sau nawa ya tashi a baya kuma kwana nawa yayi ya sauka. Mutanen gida ma ka zaunar dasu ka musu bayani, dan masu sonka ne zasu fi cewa kar ka ɗaga, bari in ɗauka maka, je ka kwanta, da zuciya ɗaya suke yi amma tsoron suke shayarwa. Ce musu in suna son taimakonka su raka ka tattaki.

Ko wannan hanyar tana aiki kuwa? A Bolda ta jihar Kolorado a Amurka an gwada wata hanya mai kama da ita da mutum 151 aka wallafa a 2021, waɗanda aka koya musu sake fahimtar ciwon a zama 8 cikin sati 4, kashi 66 ciwon ya tafi ko ya kusa tafiya, waɗanda aka yiwa allurar da ba magani a ciki kashi 20, masu kulawar da aka saba kashi 10. Ciwon yawancinsu matsakaici ne, dan haka ba zan ce maka kowa zai samu haka ba, wasu ciwon raguwa kawai yake amma su koma aikinsu da harkokinsu.

In tsoron yayi yawa har ka kasa taka matakin farko, ko damuwa ta danne ka baka barci baka jin daɗin komai, kar ka yi shi kai kaɗai. Nemi likitan fisiyo, wato mai gyara jiki ta hanyar motsa jiki, ko masanin halayyar ɗan Adam da ya saba da masu daɗaɗɗen ciwo, ka tafi da takardar tsaninka a hannu, kace masa so kake ku gwada motsin nan tare a gabansa, ku fara da na ƙasa.