Yadda ake tattara tarihin Zalika Souley a Yamai

Zalika Souley 'yar wasan fim ce 'yar Nijar. Fara da jerin fina-finanta: Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966, da Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972. Shekarar ɗaukar fim daban, ta fitowarsa daban. Nan ake yawan kuskure.

Zalika ta rasu a 2021, sai dai ka nemi dattawan da suka yi aiki da ita. Je da goro, nemi izini kafin ka kunna rakoda. Kada hira ta wuce minti 40, in dattijo ya gaji yakan cakuɗa shekaru. Tsofaffin hotuna kuwa kada a sa su a na'urar manna leda, zafinta yana lalata su har abada. Ɗauki kwafi, ka ajiye na asali cikin ambulan, nesa da danshin damina.