Gwajin lilo ga ƴan SS1, ko makaranta ba lab

Malam in kana koyar da fiziks a Agege kuma ba kayan aiki, samo zare da ƙaramin kwaɗon kulle ƙofa. Ɗaure kwaɗon, rataya zaren a ƙusar saman ƙofa, tsawon ya zama mita 1 zuwa tsakiyar kwaɗon. Kashe fanka tukuna. Ja shi gefe kaɗan kawai ka saki, banda turawa, yaro ɗaya ya riƙe agogon waya sauran su ƙirga zuwa da dawowa sau 20, zai ci wajen sakan 40, kowane lilo sakan 2 kenan. Sa a g = 4π²L/T², L tsawon zaren, T lokacin lilo ɗaya, g kuma saurin da jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗuwa, amsa ta fito kusa da 9.8. Sai ka canja kwaɗo babba, za su rantse lokacin zai canja, ƙyale su su gwada, sannan a rage zaren a sake ƙirgawa.