Idan Wi-Fi ya maƙale a Linux, kada ku kashe duka hanyoyin sadarwa

'Yan uwa masu Linux, in Wi-Fi ya tsaya alhali kebul na aiki, ku guji umarnin nmcli networking off, domin zai yanke duka biyun, har da SSH ɗin da kuke ciki (hanyar shiga kwamfuta daga nesa). Ku fara duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin, ku ga wane direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) ke kuka. In iwlwifi ne na Intel, ku sauke shi kaɗai da sudo modprobe -r iwlmvm iwlwifi, sannan ku mayar da sudo modprobe iwlwifi. Kebul zai riƙe ku, tunda NetworkManager, manhajar da ke kula da sadarwa, na ba shi metric (lambar fifiko) 100, Wi-Fi kuma 600, ƙaramar lamba ke gaba. Don Allah ku adana saƙon kuskuren kafin ku sake kunna kwamfutar, domin saƙonnin dmesg na gogewa idan an sake kunnawa.