Yadda Ake Girka Metabase Domin Aikin Yau da Kullum

Metabase manhaja ce ta nazarin bayanai wadda ake haɗawa da rumbun bayanan ma'aikata, domin ma'aikata su fitar da rahoto da jadawali ko da ba su iya rubuta SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ba. Tayar da ita don gwaji ba ya ɗaukar lokaci: a sa Docker, manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji a cikin keɓaɓɓen wuri da ake kira kwantena, a kan sabar Linux, a sauko da metabase/metabase, a tayar da ita, nan take ta fara amsawa a ƙofa (port) ta 3000. Wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane, har su bar abin da suka tayar don gwaji ya zama wanda kowa ya dogara da shi.

Abin da ya kamata a fara gyarawa shi ne wurin da Metabase ke ajiye nata bayanan, wato asusun masu amfani, izininsu, tambayoyin da suka adana da allunan rahoto. Idan ba a nuna mata wani wuri ba, tana zuba su a H2, wanda fayil ne guda ɗaya da ke zaune cikin kwantenar Docker, kuma ranar da aka goge kwantenar don sabuntawa, aikin watanni zai tafi tare da ita. A ganina, babu kuskuren da ya kai wannan muni a duk lamarin. Saboda haka a buɗe rumbu na musamman a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, a saitunan Metabase kuma a sa MB_DB_TYPE ya zama postgres, a sa MB_DB_PORT ya zama 5432, sannan a cike MB_DB_HOST, MB_DB_DBNAME, MB_DB_USER da MB_DB_PASS. Wanda ya riga ya fara da H2 bai makara ba: ya tsayar da manhajar, ya yi kwafin fayil ɗin, sannan ya kwashe komai zuwa sabon rumbun da umarnin load-from-h2, da sharaɗin rumbun ya kasance babu komai a ciki, kuma ya yi amfani da sigar Metabase ɗin da yake kai tun farko.

A wannan mataki ne kuma ake saita MB_ENCRYPTION_SECRET_KEY, mabuɗin da ke ɓoye kalmomin sirrin rumbunan da aka haɗa. A adana shi a wani wuri dabam, domin idan ya ɓata sai an sake shigar da bayanan kowane haɗi da hannu.

Wajen haɗa ta da bayanan da za a nazarta, a ba ta asusun da ke da ikon karantawa kawai. Ya fi kyau ma a haɗa ta da kwafin rumbun maimakon ainihin wanda ake ciniki a kansa, domin tambaya guda mai nauyi tana iya sa komai ya yi tafiyar hawainiya. A PostgreSQL, statement_timeout yana katse duk tambayar da ta wuce lokacin da aka ƙayyade.

Kada a bar ƙofa ta 3000 a buɗe ga intanet. A sa Nginx, manhajar sabar yanar gizo, a gaba ya karɓi masu shigowa ta ƙofa ta 443, da takardar shaidar tsaro (HTTPS) ta Let's Encrypt wadda ba ta wuce kwana 90, manhajar Certbot kuma ta riƙa sabunta ta. Akwai tarko a nan da ya kamata a sani: Docker yana iya buɗe ƙofa ta bayan katangar tsaro ta ufw, shi ya sa ake rubuta 127.0.0.1:3000:3000 domin Nginx da ke kan sabar kaɗai ya iya isa gare ta.

Tunda a kan Java Metabase ke aiki, a ƙayyade mata ƙwaƙwalwa da -Xmx a cikin JAVA_OPTS, a bar wa tsarin kwamfutar rabonsa, sannan a sa manhajar sa ido ta riƙa leƙa /api/health.

Kowane dare a ɗauki kwafin rumbun da Metabase ke ajiye nata bayanan da umarnin pg_dump, a tura shi wata na'ura, kuma lokaci zuwa lokaci a gwada mayar da shi a sabar gwaji don a tabbatar yana buɗewa. A rubuta lambar siga takamaimai a Docker maimakon latest, wato duk sigar da ta fito ta ƙarshe, domin sabuwar siga tana sauya tsarin rumbun da zarar ta tashi, kuma hanya mafi aminci ta komawa tsohuwar ita ce kwafin da aka ɗauka gab da sabuntawa.